IDAN NA'URA TA YI ƁARNA, WA ZAI BIYA?

Kowane manomi a Ɗantutture ya san abin da akan yi idan shanu sun shiga gonar mutum sun cinye masa gero. Ba a kai saniya ƙara. Akan bi sawu har a sami mai ita, a kira mai unguwa ko dagaci, dattawa su zaga gonar su ƙiyasta ɓarnar, sa'an nan mai shanu ya biya. In abin ya gagara a gida, sai a tafi gaban alƙali a Dutsin-Ma ko Kurfi. Wannan hanya ta daɗe ƙwarai, tushenta kuwa guda ne: kowace ɓarna tana da mai ita, mai ita kuma mutum ne, yana da suna, yana da gida inda za a kai masa sammaci.

To, ga wata baƙuwa ta shigo gari, ba ta da kofato balle a bi sawunta. Tana zaune cikin wayar da ke aljihun 'ya'yanmu. Masana suna kiranta ƙirƙirarriyar basira. Tana rubuta wasiƙa, tana zana hoton abin da bai taɓa faruwa ba, tana kwaikwayon muryar mutum har uwar da ta haife shi ta ruɗe. A waɗansu wurare ita ce ke cewa a ba wane bashi, a hana wane. Lauyoyi da alƙalai na duniya duka sun dukufa suna nazarin matsalolin da ta jawo wa shari'a. Mu ma da muke ƙauye ya kamata mu san inda maganar ta kwana, gama idan ruwa ya ci gari ba ya tambayar wanda ya yi karatu.

MECE CE WANNAN ABA?

Sunan ba sabo ba ne. Tun a 1956 waɗansu malamai suka taru a Kwalejin Dartmouth ta Amurka suna neman hanyar da za a sa na'ura ta yi aikin da ke bukatar tunanin mutum. Amma abin bai shigo hannun talaka sosai ba sai ran 30 ga Nuwamba 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT, kowa ya iya tambayarta ta amsa.

Ga yadda take aiki a taƙaice. Ana ɗura wa kwamfuta rubuce-rubuce da hotuna da muryoyi masu yawan da ba mai iya ƙirgawa. Daga cikinsu takan koyi wace kalma ta saba bin wace kalma, wane sauti ya saba bin wane sauti. In aka tambaye ta, sai ta jera abin da ya fi kama da amsa. Mu malamai mun san irin yaron da ya haddace littafi, bakinsa da zaƙi, amma in ya manta wani wuri sai ya cike da nasa ba tare da ya ko ƙifta ido ba. Haka take. Sau da yawa amsarta daidai ce, tana kuma da amfani mai yawa. Amma wani lokaci takan shirya ƙarya da murya irin wadda take faɗin gaskiya da ita, mai sauraro ba ya iya bambantawa.

MURYA DA HOTO A GABAN ALƘALI

Bari mu fara da abin da ya fi kusa da ƙofarmu. Ba sai an gaya wa mutumin Dutsin-Ma, ko Kurfi, ko Safana mene ne satar mutane domin kuɗin fansa ba. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe 'yan makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka sako 344. A Satumba 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. A Oktoba 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Duk iyalin da wannan masifa ta taɓa sun san abu na fari da akan roƙa idan ɓarayin sun kira: a ba mu shi mu ji muryarsa. Muryar ita ce shaidar cewa yana hannunsu, yana kuma da rai.

Wannan shaida ce na'urar nan ta raunana. A Janairu 2023 kamfanin Microsoft ya ba da sanarwar wata na'ura da ke iya kwaikwayon muryar mutum bayan ta saurare shi na sakan 3 kawai. A cikin watan nan kuma wata uwa a Jihar Arizona ta Amurka ta ɗauki waya, ta ji muryar 'yarta mai shekara 15 tana kuka tana neman ceto. Wani namiji ya karɓi wayar ya nemi dala miliyan 1, daga baya ya sauko zuwa dala 50,000. Ashe yarinyar tana lafiya lau, ba wanda ya taɓa ta. Uwar ta ba da wannan labari a gaban Majalisar Dattawan Amurka a Yuni 2023. A farkon 2024 kuma, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfanin Arup ya shiga taro ta bidiyo, ya ga fuskar shugaban sashen kuɗi da ta abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya aika da kuɗi wajen dala miliyan 25 bisa umarninsu. Dukansu na bogi ne. In mai ilimi a babban birni ya faɗa wannan rami, yaya tsohuwa a ƙauye wadda ɗanta yake makarantar kwana?

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni. Ran 12 ga Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin ɓatanci cikin wani saƙon murya da ta aika a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Ba a kai ta gaban alƙali ba. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da kisan. Wannan ya faru tun kafin na'urar kwaikwayon murya ta bazu. Amma mu yi tunani. A ƙasar da saƙon murya guda yake iya tara jama'a da duwatsu cikin sa'a ɗaya, me zai faru ran da maƙiyi ya ɗauki muryar maƙwabcinsa, Kirista ko Musulmi, ya sa mata maganar da bai taɓa faɗi ba? Kafin gaskiya ta ɗaura takalmi an riga an yi jana'iza.

'Yan siyasa sun riga sun ɗanɗana. Ana gab da zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 aka baza wani faifan murya wai Atiku Abubakar da Aminu Waziri Tambuwal da Ifeanyi Okowa suna shirya maguɗi. Mutanen Atiku suka ce ƙarya ne, masu binciken gaskiyar labarai kuma suka ce haɗa shi aka yi. A Afrilu na shekarar aka baza wani faifan wai Peter Obi ne yake magana da Bishop David Oyedepo. Obi ya ce na jabu ne. Jama'a suka rabu, kowa ya gaskata abin da ya dace da jam'iyyarsa. Tun kafin wannan ma, a Disamba 2018, sai da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya a ƙasar Polan ya tabbatar wa 'yan Nijeriya cewa shi ne da kansa, ba wani Jibrin na Sudan ba. Takobin yana da kaifi biyu ke nan. Ana iya laƙa wa marar laifi abin da bai yi ba, mai laifi kuma da aka kama dumu-dumu yana iya cewa na'ura ce ta haɗa.

Me doka ta ce? Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta a kotu, amma da sharuɗa. Tilas a nuna cewa an saba aiki da na'urar, tana kuma aiki lafiya a lokacin, a kawo takardar tabbatarwa da sa hannun wanda ke kula da ita. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar labaran da aka bugo daga intanet domin ba a cika waɗannan sharuɗa ba. Wannan kariya ce mai kyau, amma a lura da iyakarta. Takardar tana shaida cewa wayar ba ta lalace ba. Ba ta shaida cewa muryar da ke ciki ta fito daga bakin wanda ake zargi. Domin a gane wannan sai an sami gwanin bincike da kayan aiki, abin da talaka mai ƙara a ƙaramar kotu ba ya iya biya.

Shi kuwa mai kwaikwayon, doka ba ta bar shi ba. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, sashe na 22, ta ce wanda ya yi sojan gona da sunan wani, rayayye ko matacce, domin ya cuci mutane, ana iya ɗaure shi har shekara 5, ko a ci shi tarar da ta kai naira miliyan 7, ko duka biyu. Sashe na 24, wanda aka gyara a Fabrairu 2024 bayan Kotun ECOWAS ta ce tsohon yana tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, ya hana aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne domin ya ta da hankalin jama'a ko ya sa ran wani cikin haɗari. Ga kuma dokar Final Kot ta Arewa, wadda aka rubuta tun 1959, ta hukunta zamba da ɓata suna. Dokokin suna nan. Wahalar ita ce kama mai laifin, gama yana iya zama a wata ƙasa, da layin waya na wani.

Saboda haka tsohuwar ƙa'ida ta sake yin daraja. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 19, ya hana a kā da mutum bisa bakin shaida ɗaya, sai biyu ko uku. Alƙalan Musulunci su ma sukan nemi shaidu adalai, su bincika halinsu. Faifan murya shaida ɗaya ne tak, shaidan da ba a iya rantsar da shi, ba a kuma iya yi masa tambaya.

WA KE DA ALHAKI?

Littafin Fitowa, sura 21, ya kawo shari'ar sa mai tunkuyi. In sa ya kashe mutum ba zato, ba a kama mai shi da laifin kisa. Amma in an san san da halin tunkuyi, an kuma gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, to, jinin yana wuyansa. Abin mamaki, tambayar da manyan alƙalan duniya suke fama da ita yau ke nan: wa ya san halin na'urar, wa kuma ya kamata ya tsare ta?

Wani mutum a Kanada kakarsa ta rasu, ya tambayi na'urar amsa tambayoyi ta kamfanin jirgin sama na Air Canada ko akwai rangwame ga mai zuwa jana'iza. Na'urar ta ce ya sayi tikiti tukuna, ya nemi rangwamen daga baya. Ba haka dokar kamfanin take ba, suka hana shi. Da aka je shari'a, kamfanin ya kawo hujjar cewa na'urar ita ke da alhakin maganarta. A Fabrairu 2024 kotun ta yi watsi da wannan hujja, ta ce duk abin da ke shafin kamfani maganar kamfani ce, ta sa suka biya shi. Kuɗin kaɗan ne, wajen dalar Kanada 800, amma hukuncin ya zaga duniya. Mai sa ba ya cewa a tambayi sa.

Ba kullum abin yake zuwa da sauƙi haka ba. Ran 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na Arizona, wata motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta banke wata mata da ke ƙetare titi da keke, ta mutu. Bincike ya nuna na'urar ta hangi matar tun da sauran lokaci, amma ta kasa gane ko mece ce. Akwai ma'aikaciya a kujerar direba wadda aka sa ta lura, hankalinta kuwa yana kan waya. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi kamfanin da laifin kisa ba. Ma'aikaciyar ce aka gurfanar, a 2023 ta amsa laifi. Har yanzu masana shari'a suna gardama a kan wannan. Mutane da yawa ne suka sa hannu cikin motar, daga mai rubuta umarnin na'ura zuwa manajan da ya ce a fito da ita kan titi, amma kayan ya faɗa a kan mafi ƙanƙanta a cikinsu. Mun san wannan a gida: yaron da aka ba kiwo shi ke shan bulala, mai garke yana inuwa.

Lauyoyi kansu ba su tsira ba. A Yuni 2023 wani alƙali a Niyok ya ci waɗansu lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000, domin sun kawo masa tsofaffin hukunce-hukunce shida su kafa hujja da su, ashe ba ko ɗaya da ya taɓa faruwa. ChatGPT ce ta ƙaga su, da sunaye da lambobi. An sake ganin irin wannan a babbar kotun Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu a Janairu 2025, da kuma London a Yuni 2025. A ko'ina alƙalai abu ɗaya suka faɗa: wanda ya sa hannu a takarda shi ke da ita.

SA'AD DA NA'URA TA ZAMA ALƘALI

Matsala ta uku ita ce hukuncin da na'ura take yanke wa mutum ba tare da ya ga fuskar kowa ba. A 2018 wata masaniya mai suna Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, tare da Timnit Gebru, suka gwada na'urorin duba fuska na manyan kamfanoni uku. Ga fararen maza kuskuren bai kai 1 cikin 100 ba. Ga baƙaƙen mata ya kai kusan 35 cikin 100. Dalili kuwa, yawancin hotunan da aka koya wa na'urorin na fararen fata ne. A Janairu 2020 'yan sandan Detroit suka kama wani baƙar fata a ƙofar gidansa, gaban matarsa da 'ya'yansa, aka tsare shi wajen sa'a 30 bisa zargin satar agogo, domin na'ura ta ce fuskarsa ce. Ba shi ba ne. Mu da ake ɗaukar fuskarmu da yatsunmu wajen lambar NIN, da BVN ta banki, da na'urar BVAS ran zaɓe, wannan labari ya shafe mu.

Mu malamai akwai wanda ya fi taɓa mu. A 2020, saboda annobar korona, ba a yi jarrabawar gama sakandare a Ingila ba. Aka ba kwamfuta wani lissafi ta raba maki. Ta rage kusan 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar, ta kuwa fi danne haziƙan yara na makarantun da ba su saba cin jarrabawa ba, domin ta auna yaro da tarihin makarantarsa. Yara suka fita zanga-zanga, ran 17 ga Agusta gwamnati ta janye. A nan gida, a jarrabawar JAMB ta 2025, kuskuren saita na'ura ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Wannan ba ƙirƙirarriyar basira ba ce, amma darasin ɗaya ne. Da iyaye da malamai sun ce ai kwamfuta ba ta kuskure sun yi shiru, da yaran sun tafi a haka. Sun yi magana, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ran 14 ga Mayu ya ɗauki alhaki, aka sake wa yaran jarrabawa.

A nan dokarmu ta yi abin kirki, sai dai mutane kaɗan ne suka sani. A Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a. Sashe na 37 ya ba kowa 'yancin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukuncin da zai taɓa haƙƙinsa ko rayuwarsa ƙwarai. A inda doka ta yarda a yi haka, mutum yana da ikon ya nemi ɗan Adam ya sake duba maganar, ya faɗi nasa, ya kuma ƙi yarda. Dokar ta ce sai da iznin iyaye ko mai riƙo za a yi aiki da bayanan yaro. Ta kafa hukuma a Abuja, watau NDPC, mai karɓar koke, mai ikon cin babban kamfani tarar naira miliyan 10 ko 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ba kuwa barazanar baki ba ce kawai. Tun a 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin ba da bashi ta waya, Soko Lending, tarar naira miliyan 10 saboda tona asirin masu bashi ga mutanen da ke cikin wayarsu. A Yuli 2024 hukumar kare masu sayayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220.

GUMIN WA AKA CI?

Mun ce ana koya wa na'urar da rubutu da waƙoƙin mutane. To, an tambayi masu su? A Disamba 2023 jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft ƙara a kan haka. A Satumba 2025 kamfanin Anthropic ya yarda ya biya marubuta dala biliyan 1.5 saboda littattafai wajen 500,000 da ya kwaso daga shafukan satar littattafai. Ta ɗaya gefen kuma, wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke a Maris 2025 cewa hoton da na'ura ta zana ita kaɗai ba shi da haƙƙin mallaka, gama doka mutum ta sani a matsayin mai aiki.

Kada mu ce wannan rigimar Turawa ce. Na'urorin nan suna jin Hausa. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, a Satumba 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, mai aiki da Hausa da Yarabanci da Ibo. Abin murna ne harshenmu ya shiga, gama wanda ba ya jin Turanci zai amfana. Amma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ce littafi ko waƙa na mai shi ne da magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, ya rasu a 1981. Mamman Shata ya rasu a 1999. A ce gobe wani ya sa na'ura ta rera sabuwar waƙa da muryar Shata, tana yabon ɗan siyasar da Shata bai taɓa gani ba. Kalmomin ba nasa ba ne, kiɗan ma sabo ne, muryar kaɗai aka ɗauka. Dokar haƙƙin mallaka waƙa take karewa da faifai, ba a rubuta ta da tunanin satar murya ita kaɗai ba. Jihar Tennessee ta Amurka sai da ta yi sabuwar doka a 2024 musamman domin ta toshe wannan kafa. Mawaƙanmu da 'yan fim na Kano suna bukatar irinta.

INA AKA KWANA?

Tarayyar Turai ce ta fara yin cikakkiyar doka, ta fara aiki ran 1 ga Agusta 2024. Ta kasa ayyukan na'urar bisa girman haɗarinsu. Waɗansu an haramta su ɗungum. Waɗansu, kamar na ɗaukar ma'aikata da ba da maki da ba da bashi, an ɗaura musu sharuɗa masu tsanani. Tarar tana iya kai yuro miliyan 35. Tarayyar Afirka ta amince da nata tsari a Akra a Yuli 2024, Nijeriya kuma ta fitar da daftarin nata a Agusta 2024. Amma tsari shawara ce, ba a ɗaure kowa da shi. Dokokinmu da muka ambata a sama, ba ko ɗaya da aka rubuta musamman domin wannan na'ura. Alƙali ne zai yi ta jan tsohuwar riga ta rufe sabon jiki.

A nan ne aikin 'ya'yanmu yake. Ana koyar da shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ga Makarantar Lauyoyi a Bagauda. Ana koyar da ilimin kwamfuta a nan Dutsin-Ma. Ƙasar nan tana bukatar yaro ko yarinya da za su haɗa biyun, su kuma iya bayyana wa alƙali da Hausa yadda aka gane faifan jabu. In ba mu da su, waɗansu ne za su rubuta mana doka ba tare da sun san yadda ake zama a ƙauye ba.

ABIN DA KOWANE GIDA ZAI IYA YI

1. Ku zauna da iyali ku zaɓi wata kalma ko tambaya ta asiri wadda ba a taɓa rubuta ta a waya ba. In aka kira da muryar ɗanku ana neman kuɗi, ku nemi kalmar. Ku sa wani ya kira lambar yaron, ko makarantarsa, ko abokinsa, kafin ku aika ko kwabo.

2. Kada ku tura faifan da ke zargin wani, musamman a kan addini ko ƙabila. Mai turawa ya zama mai shaida, in kuwa ƙarya ce ya yi shaidar zur. Ku kai wa shugabanni da hukuma, ku kuma hana yara fita bin taro.

3. In an cuce ku, kada ku goge saƙon. Ku rubuta lambar, da ranar, da lokacin, ku adana wayar yadda take. Ku sanar da banki nan da nan, sa'an nan 'yan sanda.

4. Kada ku ba kowa lambar BVN, ko lambar sirrin da banki ya aiko, ko da muryarsa ta yi kama da ta wanda kuka sani. Ku rage baza hotuna da muryoyin yara a Facebook da TikTok, gama da su ake ɗinka na jabu.

5. In aka ce muku kwamfuta ce ta hana, ku nemi ganin mutum, ku rubuta koke ku riƙe kwafi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin talakawa.

6. Ku bar yara su koyi aiki da na'urar, amma ku koya musu su bincika abin da ta faɗa. Maganar gado, ko fili, ko magani, a kai ta wurin wanda ya sani, wanda kuma za a iya komawa gare shi gobe.

Sauran aikin na masu yin doka ne, mu kuwa muka aike su. Sa'ad da ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, bayan maganar taki da hanya da tsaro, mu tambaye shi abin da ya shirya a kan muryar jabu, mu kuma roƙa a fassara dokokin nan da Hausa, a karanta su a rediyo. Mutum ba ya neman haƙƙin da bai san yana da shi ba. Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya tsare gidajenmu daga shaidar zur, ta mutum da ta na'ura.